Gonar bido huɗu

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ba sai an gaya masa darajar ruwa ba. Birni ne da aka kafa bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa tun da daɗewa daga nesa ake janyo mana abin sha, daga Gogo-Macaya da kuma Arunguza. In zafi ya tsananta famfo yakan yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, mata su kwana a layi da bidoninsu, ƴan garuwa kuma su ninka kuɗi, ba mai iya ce musu kanzil. To, a cikin wannan gari ne ni da furfurata na riƙa ɗibar ruwa ina zuba wa abin da ba a sayarwa a kasuwar Dole, ba a kuma kaɗa miya da shi. Maƙwabta sun yi dariya, uwargida ta yi magana, ni ma akwai daren da na tuhumi hankalina. Bari in ba ku labarin yadda abin ya kasance, ya ku masu karatu, in kun ga wauta a ciki ku yi mini uzurin tsufa.

Shekara talatin da ƴan kai na yi ina riƙe da alli a lakwal. Na koyar a jihar Tawa, na koyar a Gaya, na sha iskar Ngigmi, kafin a maido ni gida in aje aiki. A farkon shekarar 2023 wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a Faransa ya zo gaishe ni, ya kawo tsaraba: turare, da littafi, da wata ƴar takarda manne mai hoton fure rawaya a bayanta. Ya ce, "Mushe, na tuna yadda kake sa mu shuka wake cikin gwangwani mu riƙa auna tsawonsa da rula, shi ya sa da na ga wannan na ce naka ne." A jikin takardar an rubuta tournesol nain, wato wadan furen rana, irin da ake kira Sunspot. Na buɗe na ƙirga, ƙwaya 24 ne, masu zane baƙi da fari kamar zabuwa.

Furen rana na gona dogo ne, yana iya wuce mita biyu, mutum ya shiga cikinsa ya ɓace kamar cikin dawa. Shi kuwa wannan masu gyaran iri ne suka yi ta zaɓe har suka samo wanda ba ya wuce santimita 60, amma kansa yana faɗi kamar faifai. Don haka ake iya rainonsa cikin tukunya ko bokiti. An yi shi ne domin mutanen birane waɗanda ba su da ƙasa sai ƴar baranda. Da na karanta haka sai na aje takardar na yi shiru, domin ashe da ni ake.

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. An haife ni a wani ƙauye kusa da Matamai, a zamanin da gyaɗa ce arzikin ƙasar nan. Waɗanda suka manyanta cikinku sun tuna tulin buhunan gyaɗa a lokacin kaka, da kamiyoyin SONARA, da ƙanshin matatar mai ta Matamai. Fari na 1973 ya zo ya girgiza wannan arziki, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa shi, amma gonar mahaifinmu ta tsaya, aka koma gero da wake. Da ya rasu aka raba ta biyu, rabi nawa, rabi na yayana. Shi ya zauna ƙauye yana noma duka biyun, yana aiko mini da damma in kaka ta yi. Ni kuwa ina can ina bin takardar canjin wurin aiki daga gari zuwa gari, gidan haya zuwa gidan haya. Ma'aikaci ba ya dasa itace, don ya san wani ne zai sha inuwar.

Sai ga shekarun da ma'aikatan ƙasar nan ba za su manta ba. Ran 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa, tamma hamsin da ke sayen tamma guda ta Faransa ta koma sai ɗari. Magani da shinkafa da duk abin da ke shigowa daga waje suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa sai a yi wata biyu, wata uku, ba a ga ƙeyarsa ba. Ƴan kasuwa da ke karanta wannan shafi sun san littattafan bashin da suka cika da sunayenmu a lokacin, wasu sun yi mana haƙuri, Allah ya saka musu. Cikin 1995 ɗiyata ta kwanta ciwo mai tsanani, mai gidan haya yana bakin ƙofa, mai kanti ya rufe mini littafi. Na je a ɓoye na sayar da rabona na gona ga wani mai kuɗi. Ban shawarci Yaya ba, ban ma ba shi damar ya nemi kuɗin ya saya ba, domin na san zai hana ni, ni kuwa ba ni da lokacin gardama. A kasuwa ya ji labari daga bakin wasu. Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza, amma tun daga ranar bai ƙara yi mini maganar noma ba, ko da tambayar damina na yi masa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Mushe," ya kama wata hira. Shekara ashirin da takwas muna haka.

Kun ga ke nan abin da ya sa ƙwaya 24 cikin ƴar takarda suka hana ni barci.

Na raba su kashi uku, takwas takwas, kuma wannan kaɗai ce dabarar da na yi daidai tun farko. Kashin farko na shuka shi bayan ƙaramar salla, ƙarshen Afrilu, don ɗoki ya hana ni jiran lokaci. Na samo ƙananan gwangwanayen tumatir, na cika su da rairayin tsakar gida, na jera bisa siminti inda rana ta fi duka, tunda ai furen rana ne. Cikin kwana biyar shida suka tsiro, na yi ta murna. Amma zafin Damagaram a watan Mayu yana haura digiri 40, gwangwani kuwa ƙarfe ne, da azahar ko yatsa ba ka iya ɗora masa. Ƙasar ciki ba ta kai cikin tafin hannu biyu ba, in na zuba ruwa da safe kafin hantsi ta bushe. Ashe dafa saiwoyin nake yi. Da na ga suna yaushi sai na ce bari in cece su, na tumɓuke uku da suka rage na mayar cikin bokiti. Nan na yi kuskure na biyu. Furen rana yana da uwar saiwa guda wadda ke nutsawa ƙasa kai tsaye, in ta karye ko ta lanƙwashe shukar ba ta cika murmurewa ba. Ba kamar albasa ko tumatir yake ba da ake yi wa reno a dasa. Inda zai zauna, nan ya fi so a shuka shi. Kwana huɗu suka bi ƴan uwansu.

Uwargida ba ta ce kome ba sai da na wanke gwangwanayen. Sa'an nan ta ce, "Malam, ruwan da ka kashe wa waɗannan ya isa wankin yara na sati guda." Gaskiya ta faɗa, ban amsa ba.

Kashi na biyu na jira damina, na shuka farkon Agusta, na ce yanzu kam ruwan sama ne ba wanda zai yi mini gori. Na je bakin tabki na ɗebo laka baƙa, don na ga kamar ta fi rairayi ƙarfi, na cika tsofaffin bokitai biyu. Ban huda gindinsu ba. Da aka yi ruwa biyu a jere sai bokitan suka zama ƙananan tabkuna, tsiron ya ruɓe daga wuya, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ya faɗi kamar an yanka da zare. Saiwa tana numfashi kamar ni da ku, in ruwa ya toshe mata ƙofofin iska sai ta mutu, ƙwayoyin ruɓa kuma su samu wurin zama. Wannan darasi na koyar da shi a aji ya fi sau ashirin. Biyu da suka tsira na janye su ƙarƙashin rumfa don in tsare su daga ruwa, sai suka yi ta miƙewa suna neman haske, suka yi tsawo ba ƙwari, farare fat kamar mai jinya. Furen rana yana bukatar rana kai tsaye awa shida zuwa takwas kowace rana, ba ya karɓar rangwame. Akuyar maƙwabci ce ta zo ta raba gardama wata ranar Juma'a da muka tafi masallaci.

Saura takwas. A wannan lokaci kuwa iyakoki a rufe suke bayan abin da ya faru ran 26 ga Yuli, maganar a aiko mini da wata takarda ba ta ma taso ba. Na ɗaure ƙwayoyin cikin tsumma na sa a akwati tare da takardun aikina.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi na yi daga baya: na tafi Mirya na zauna da masu garka. Mutanen da tun kafin a haife ni suke fitar da kayan lambu da rani, kuma tun da aka ƙarfafa noman rani bayan fari na 1984 sana'ar ta ƙara bunƙasa a hannunsu. Wani dattijo ya saurari labarina har ƙarshe, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi bai san wannan fure ba, amma duk baƙon iri da ya taɓa gani lokacin sanyi yake so, in an shuka salati da kabeji a shuka shi. Ya ce kuma in daina wahalar da shuka da ƙaramin mazubi, wanda bai da ɗaki ba ya gayyatar baƙo. Ya cika mini rabin buhu da takin awaki wanda ya shekara ya ruɓe har ya koma kamar garin shayi, ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa ɗanye, yana ƙona saiwa.

Sauran aikin sulhu ne da uwargida. Muka yi ciniki kamar a kasuwa. Ta ce ba za a taɓa ruwan randa ba, ba za a sayi bido ko guda saboda fure ba. Na ce na yarda, a bar mini ruwan alwala. Daga ranar duk mai alwala a gidan bisa wani tsohon kwano yake yi, ni da ita da jikoki biyu, abin da ya taru sau biyar a yini shi ne rabon gonata. Na auna, ya kan kai lita huɗu zuwa biyar. Ruwan wanki da na wanke-wanke ban yarda da shi ba saboda sabulu da maiƙo. Wannan lissafi ne ya yanke yawan mazubi: huɗu, ba ƙari.

Na sayi tsofaffin bidonin mai guda huɗu, irin rawayan nan na lita 25 da kowa ya sani, na yanke kawunansu, na wanke da toka har maiƙon ya fita. Na ɗora ƙusa a wuta na huda gindin kowanne wuri shida, na shimfiɗa tsingaro a ƙasa don kada ƙasa ta toshe hudojin. Na gauraya kashi biyu na ƙasar jigawa da kashi guda na takin nan, na cika har saura yatsa uku a baki, na jiƙa na bar su kwana biyu su lafa. Zurfin ƙasar ya kai santimita 30, wadan fure ba ya neman fiye da haka. Na ɗora su bisa bulo, na jera jikin katangar da ke tare iskar hunturu, inda rana ke samunsu tun daga fitowarta har bayan azahar. Tsakiyar Nuwamba, da yamma, na kira jikata mai shekara takwas, wadda nake tsokana da amarya, na ce ta zo ta taya angonta shuka. Rami biyu a kowane bido, zurfin gaɓar yatsa guda, wajen santimita 2, ƙwaya guda a kowane rami. Muka rufe, muka danna da tafin hannu, muka yayyafa ruwa ta cikin gwangwani mai huji don kada ya tone iri. Sa'an nan muka lulluɓe da tsohon gidan sauro, saboda kaji da ƙadangaru da ɓeraye duk suna son abin da nake so.

Kwana na bakwai, da asuba, ta zo tana bubbuga mini ƙofa: "Kaka, sun fito da hula!" Gaskiyarta, tsiron yana ɗago ɓawon ƙwayar bisa kansa kamar ɗan dogari. Bakwai suka fito cikin takwas.

Ranar da ta fi mini wuya ita ce ranar ragi. Da suka yi ganye huɗu dole a bar guda a kowane bido, kamar yadda ake rage gero in ya yi yawa a rami, in ba haka ba su yi ta ƙwacen abinci duka su tsumbure. Ba a tumɓukewa, don kada a girgiza saiwar wanda za a bari, da almakashi ake datse wa ragon wuya daidai ƙasa. Mutumin da ya yi wata bakwai yana asarar iri, yau shi ne zai kashe uku da hannunsa. Amarya ta yi kuka ta ce ni azzalumi ne, ta ƙi cin tuwo da ni. Na tuna mahaifinmu yana tafe a kunya yana cirar gero ba ya ko waiwaye, ni ina binsa a baya ina tsince waɗanda ya yar ina sake binne su a ɓoye.

Daga nan aiki ya zama na kullum. Kafin in zuba ruwa sai in tura yatsa cikin ƙasa, in na ji danshi a gaɓar farko in bari sai gobe, in ta bushe in zuba a gindi sannu a hankali har in ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Da suna ƙanana rabin buta ya ishe kowanne, da suka yi ganye masu faɗi sai da buta cike, wata rana ma har da ƙari da yamma in iska ta yi yawa. Ƙurar hunturu takan rufe ganyen, sai in bi da jiƙaƙƙen tsumma. Sau guda ƙananan ƙwari suka taru a bayan ganye suna tsotsa, na daka ganyen bedi na jiƙa ya kwana, na tace na fesa, suka ragu. Bayan wata guda na ƙara wa kowane bido tafi guda na taki a sama, domin shukar cikin mazubi ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemo, abin da ka ba ta shi ne nata.

A nan ne na ga da idona abin da na daɗe ina karantawa. Da safe kawunansu duka huɗu suna duban gabas, da azahar suna kallon sama, da la'asar sakaliya sun karkata yamma. In na fito da fitila tsakar dare sai in tarar sun kama hanyar komawa, kafin alfijir sun riga rana isa gabas suna jiranta. Ba wuya gare su mai juyawa ba. Wasu masana na jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun bayyana sirrin a shekarar 2016: da rana gefen karan da ke gabas ya fi saurin tsawo, sai ya tura kan zuwa yamma, da dare kuma gefen yamma ne ke tsawo ya maido shi, kuma akwai wani agogo a jikin shukar da ke tsara wannan ko da an canza mata haske. Ashe juyawar girma ce. Shi ya sa in karan ya gama tsawo, fure ya buɗe, sai juyawa ta ƙare, ya tsaya yana duban gabas har ya tsufa. Masanan sun nuna cewa furen da ke duban gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙudan zuma kuma sun fi zuwa wurinsa. Da na yi wa uwargida wannan bayani sai ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, abin da aka raina da ruwan alwala ina zai duba in ba gabas ba? Daga ranar na lura ta fara ƙara ɗan ruwa cikin kwanon in tana tsammani ba na gani.

Na farko ya buɗe tsakiyar Janairu 2024, wata biyu cif bayan shuka. Tsawonsa bai wuce gwiwata da kaɗan ba, kansa kuwa ya kai faɗin tafin hannuna a buɗe. Bai kai na hoton takarda ba, amma hoton talla ai ko na sabulu haka yake. Abin da muke kira fure guda taro ne na ɗaruruwan ƙananan furanni. Rawayan ganyen da ke kewaye ado ne na kiran ƙwari, ba ya haihuwa. Masu haihuwar su ne ƙananan da ke cike da tsakiya, suna buɗewa layi layi daga baki zuwa ciki, kwana wajen bakwai kafin su gama, kowanne kuma ƙwaya guda zai bari. Ƙudan zuma sun zo, ban san daga ina ba, a unguwar da ban taɓa ganinsu ba sai wurin mai rake. Duk da haka na riƙa bi da gashin kaza ina shafa wannan kai in shafa wancan, don furen da bai samu garin wani ba yakan bar ƙwaya holoƙo.

Halin mushe ba ya barinsa. Na zaunar da jikokin na ce su ƙirga layukan da ke murɗawa a tsakiyar furen, waɗanda suka bi dama da waɗanda suka bi hagu. Sau uku muna ɓata lissafi, a na huɗu muka samu 21 da 34. Waɗannan lambobi suna cikin jerin da ake samu in ana tara biyun ƙarshe a samu na gaba: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55. Ana kiran jerin da sunan Fibonaci, wani ɗan Italiya, ɗan ɗan kasuwa, wanda ya koyi lissafi a hannun Larabawa a Bijaya ta Aljeriya ya rubuta littafinsa a shekarar 1202. Manyan furanni sukan ba da 34 da 55, ko fiye. Wannan shiri ne ke sa ƙwayoyin su cika faifan ba cunkoso ba giɓi, abin da duk mai jera kaya a tire zai so ya iya.

Ƴan kasuwa za su ce, to ina riba? A bido huɗu babu. Amma kada ku raina dangin wannan wada. Asalinsa daga Amurka ta Arewa yake, mutanen farko na can suna nomansa fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce. Mutanen Sipaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, ya daɗe yana abin ado kawai, sai a Rasha aka mai da shi abin tatsar mai. Wani masanin iri mai suna Pustovoit, a Krasnodar, ya kashe rayuwarsa yana zaɓe har man da ke cikin ƙwaya ya tashi daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa wajen 50. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyun da ke fitar da fiye da rabin man furen rana da ake sayarwa a duniya, kuɗin man girki ya tashi ko'ina, har a kantunanmu. Na kan duba bidonin da na shuka a ciki, waɗanda suka shigo ƙasar nan cike da man waje, in tuna ƙanshin Matamai.

Bayan fure ya zubar da ado sai kai ya sunkuya. Bayansa ya juya daga kore zuwa rawaya, daga rawaya zuwa ruwan ƙasa, wajen kwana arba'in. Tsuntsaye sun riga ni sanin sun nuna, sai da na ɗaure kowane kai cikin yankin gidan sauro. Farkon Maris na yanke su, na rataye a ɗaki suka ƙarasa bushewa, muka murje cikin faifai. Na tsakiya da yawa holoƙo ne, na gefe kuwa cike tam. Abin da ya taru bai cika ƙoƙon shan fura biyu ba. Ga wanda zai gwada, ya duba takardar irinsa: in ya ga an rubuta F1, to haɗin aure ne na kamfani, ƴaƴansa ba za su yi kama da shi ba, wasu ma an yi su ba su da gari sam. Nawa ba haka yake ba, ana iya ajiye irinsa a sake shukawa.

Ana cikin haka Yaya ya shigo birni ganin likitan ido, ya sauka wurina kamar yadda ya saba. Da safe ya fito alwala, uwargida ta tura masa kwanon, ya dube ta ya dube ni, bai tambaya ba. Ya gama, ya tsaya kan bidonin nan huɗu da busassun karare a ciki. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ɗebo ya murza, ya shinshina. Ya kama kara guda ya tumɓuke, ya daɗe yana duban saiwar. Ni ina zaune bisa tabarma kamar ɗalibin da ake duba wa jarrabawa.

Ya ce, "Takin wa?"

Na ce, "Na awaki, Yaya, daga Mirya."

Ya ce, "Ya ruɓe da kyau. Amma ka cika ruwa a wannan na ƙarshen, dubi saiwarsa."

Na kawo masa faifan. Ya ɗauki ƙwaya guda ya fasa da haƙorin da ya rage masa, ya tauna a hankali, ya matse wata tsakanin farce biyu yana neman maiƙo, daidai yadda masu awon gyaɗa ke yi a da. Ya tambayi kwana nawa yake yi, na ce daga shuka zuwa girbi wajen ɗari. Ya tambaya ko yana jure ƙishi, na ce a gona saiwarsa tana nisa, ya fi yadda yake a bido. Ya yi shiru. Can ya ce wanda ya sayi gonar nan ya rasu, ƴaƴansa riɗi suke zubawa, sun bar gawon da Baba ya hana a sare, yana nan. Wannan ce maganar farko da ya yi mini kan gonar tun 1995. Na buɗe baki in faɗi abin da na yi shekaru ina shiryawa, sai ya ɗaga hannu ya ce in miƙo masa tsumma.

Ya ƙirga ƙwaya talatin ya ƙulle, ya sa a aljihun ƴar shara. Ya ce zai gwada a gefen rijiyar garkarsa in sanyi ya shigo, amma shi bai san hannun abin ba, sai in zo in nuna wa yaran zurfin rami. Na ce gaɓar yatsa guda ce kawai, Yaya. Ya ce ya ji, in dai zo.